Tun 2011 ana jiran littafi guda: Halin da masu karatun dogayen labaran almara ke ciki

Yaron da aka haifa ranar 12 ga watan Yuli na shekarar 2011, yau ya zama saurayi, ya kai munzalin da zai ɗauki littafi mai shafi dubu ya karance shi tas ba tare da an tsaya a kansa ba. A wannan rana ce aka fito da littafi na 5 na shahararren labarin nan na marubucin Amurka, George R. R. Martin, wanda akasarin jama'a suka fi sani da sunan fim ɗin da aka yi da shi, wato Game of Thrones. Can wajen ƙarshen littafin an bar ɗaya daga cikin taurarin labarin, Jon Snow, kwance cikin ƙanƙara bayan mutanensa sun daɓa masa wuƙaƙe. Tun daga ranar miliyoyin masu karatu a sassan duniya suka zuba ido suna jiran littafi na 6 don su ji yadda ta kaya, har shekarar 2025 ta zo ta wuce littafin bai fito ba.

Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu leƙa duniyar masu karatun irin waɗannan littattafai, mu ga me suke karantawa, me suke jira, kuma me jiran yake jawo musu, su da marubutan da kamfanonin ɗab'i. Wani zai ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, tunda labari ne ƙagagge. To amma wanda ya zuba kuɗinsa da shekarun ƙuruciyarsa a kan labarin da ba a ƙarasa masa ba, shi ya san abin da yake ji. Kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, akwai masu karatun da suka bar duniya ba su ji ƙarshen ba, akwai kuma marubutan da suka tafi da ƙarshen a cikinsu.

Wane irin labari ne wannan?

Labaran da muke magana a kansu su ne waɗanda marubuci kan ƙirƙiri duniya sukutum da guda, da ƙasashenta da sarakunanta da tarihinta, wani lokaci har da harsunanta, sannan ya zuba mayaƙa da bokaye da aljanu da dodanni masu fukafukai masu aman wuta a cikinta. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ko Iliya Ɗan Maiƙarfi ba zai ga abin baƙo ba. Bambancin kawai shi ne girma, domin littafi guda daga cikin waɗannan yakan kai shafi 800 ko 1,000, kuma labarin ba ya ƙarewa sai an yi littafi 3 ko 7 ko 10, wani ma har 14.

Wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan fage shi ne J. R. R. Tolkien, malamin harsuna a Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila. Ya fitar da The Hobbit a 1937, kamfanin ɗab'insa ya nemi ya kawo ci gaba, amma sai da aka yi shekara 17 kafin The Lord of the Rings ya soma fitowa a 1954. Shi Tolkien littafi guda ya rubuta, kamfanin ne ya raba shi uku saboda tsadar takarda da ɗab'i a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan rabo da tsada ta tilasta shi ne ya zama ƙa'ida ga marubutan da suka biyo baya, kowa ya tashi sai ya ce littafi uku zai yi. Shi kuwa babban aikin da Tolkien ya kwashe rayuwarsa yana gyarawa, The Silmarillion, bai ga fitowarsa ba. Ya mutu a 1973, ɗansa Christopher ne ya tattara takardun ya fitar da shi a 1977. Ke nan jira da rashin kammalawa tare aka haife su da wannan fage.

Yadda Martin ya shiga sarƙaƙiya

Martin, wanda aka haifa a 1948, shi ma da niyyar littafi uku ya soma. Na farko ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, wato littafi uku manya cikin shekara huɗu. Daga nan tafiya ta fara nawa. Na huɗu, A Feast for Crows, sai a 2005, kuma da ya fito masu karatu suka tarar ba a kawo labarin taurarin da suka fi so ba, irin su Tyrion da Daenerys da Jon Snow. Dalili shi ne rubutun ya yi yawan da ba zai ɗinku a littafi guda ba, sai marubucin ya raba shi bisa yankunan da mutanen labarin suke, ya ajiye rabi. A ƙarshen littafin ya nuna fatan ɗaya rabin zai fito a shekara mai zuwa. Shekarar nan guda ita ce ta zama shida. Idan aka lissafa, wanda ya rabu da Tyrion a 2000 bai sake haɗuwa da shi ba sai bayan shekara 11.

Martin bai ɓoye abin da ke kawo masa cikas ba. Ya sha bayyana cewa marubuta iri biyu ne, akwai mai kama da mai zanen gini wanda ya san yawan ɗakuna da ƙofofi tun kafin a haƙa harsashi, akwai kuma mai kama da mai lambu wanda zai shuka iri ya yi ta ban-ruwa ya ga abin da zai tsiro, kuma shi yana cikin kashi na biyu. Matsalar lambu kuwa ita ce idan ya yi yabanya sai rassa su sarƙe. A littafin farko mutum 8 ne ake bin labarin ta idonsu, amma kafin a kai na biyar sun ninka, kuma sun warwatsu a nahiyoyi biyu. Ya taɓa yin dogon lokaci yana fama da tambaya guda, wato cikin mutanen da suka nufi birnin Meereen wa zai riga wa isa, domin kowane tsari ya bi sai labarin ya canza.

Ana cikin haka tashar talabijin ta HBO ta soma nuna fim ɗin a 2011. Kowace shekara zango guda, shi kuwa marubuci alƙalaminsa na tafiyar hawainiya. A farkon watan Janairun 2016 ya fito ya shaida wa duniya cewa ya kasa cika wa'adin da ya ɗauka, don haka fim zai riga littafi. Haka kuwa aka yi. Masu shirya fim ɗin, David Benioff da D. B. Weiss, suka ci gaba da abin da ya gutsura musu na yadda labarin zai ƙare, suka rufe a 2019 bayan zango 8 da kashi 73. Ƙarshen bai yi wa ɗimbin masu kallo daɗi ba, har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a wata takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon ƙarshe. Wannan ya ƙara wa littafin da ake jira, The Winds of Winter, nauyi, domin masu karatu da yawa sun ɗora masa burin gyara abin da suke ganin fim ya ɓata. Kada kuma a manta, ko ya fito ba shi ne na ƙarshe ba, akwai na 7 mai suna A Dream of Spring.

Abin da ya fi ɓata wa wasu rai shi ne ganin marubucin bai zauna haka nan ba. A 2018 ya fitar da Fire & Blood, tarihin gidan sarautar Targaryen, wanda daga cikinsa aka yi fim ɗin House of the Dragon da ya soma a 2022. Masu ƙorafi na cewa mai bashi a wuya bai kamata a gan shi yana gina sabon gida ba.

Ba shi kaɗai ba ne

A shekarar 2011 ɗin nan dai wani marubucin Amurka, Patrick Rothfuss, ya fitar da littafinsa na biyu, The Wise Man's Fear, bayan na farko, The Name of the Wind, da ya yi tashe a 2007. Tsarin labarin shi ne wani tsohon jarumi mai suna Kvothe, wanda ya ɓoye kansa ya koma mai gidan saukar baƙi, zai ba da tarihin rayuwarsa cikin kwana uku, kowane littafi kwana guda. An yi kwana biyu, gari na uku ya ƙi wayewa. Abin da ya ƙara zafin lamarin shi ne tun da farko marubucin ya nuna cewa ya riga ya rubuta labarin gaba ɗaya, gyara kawai ya rage. A 2020 editarsa, Betsy Wollheim, ta bayyana a Facebook cewa ita ko kalma guda ta littafi na uku ba ta gani ba.

Haka nan Scott Lynch, mai labarin ɓarawon nan Locke Lamora, ya tsara littafi 7, ya fitar da uku a 2006 da 2007 da 2013. Shi ya fito fili ya yi bayanin fama da ciwon damuwa da fargaba da ya yi, abin da ya sa masu karatu da dama suka sassauta masa. Wannan ya tuna mana cewa bayan kowane littafi akwai ɗan Adam mai jini da tsoka, mai rashin lafiya da matsalar iyali kamar kowa.

Idan rai ya yi halinsa

Fargabar da masu karatu ba su cika son furtawa ba ita ce mutuwa, kuma ba fargabar banza ba ce, domin ta taɓa faruwa. Robert Jordan ya soma The Wheel of Time a 1990, ya fitar da littafi 11 a jere, yana cikin aikin na 12 wanda ya yi alkawarin shi ne na ƙarshe, sai wata cutar da ba a cika samun irinta ba, mai taɓa zuciya, ta kama shi. Ya mutu a watan Satumbar 2007 yana da shekara 58. To amma da ya ga alamun tafiya sai ya yi tanadi. Ya bar tarin rubuce-rubuce, aka naɗi muryarsa yana bayanin yadda al'amura za su kasance, kuma ya rubuta rufewar labarin da hannunsa. Matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, ta zaɓi wani matashin marubuci, Brandon Sanderson, wanda shi kansa tun yana yaro yake bin labarin. Da Sanderson ya duba abin da ya rage sai ya ga ba zai shiga littafi guda ba, aka raba shi uku, suka fito a 2009 da 2010 da 2013. Shekara 23 ke nan daga farko zuwa ƙarshe, littafi 14, kalmomi sama da miliyan huɗu.

A ƙasar Japan ma an ga irin haka. Kentaro Miura, mai littafin zane na Berserk da ya soma a 1989, ya mutu kwatsam a 2021 yana da shekara 54. A 2022 aka sanar cewa mataimakansa za su ci gaba ƙarƙashin kulawar amininsa Kouji Mori, wanda marigayin ya taɓa labarta wa yadda labarin zai ƙare. Shi kuwa Terry Pratchett na Ingila, mai littattafan Discworld guda 41, akasin haka ya zaɓa. Ya bar wasiyya cewa duk abin da bai kammala ba a lalata shi, kuma a 2017, shekara biyu bayan mutuwarsa, aka ɗora ma'ajiyar kwamfutarsa a ƙasa, motar nan mai danne kwalta ta bi ta kai.

Labarin Stephen King ya fi ba mu tausayi. Ya soma fitar da The Dark Tower a 1982, yana yi yana ajiyewa. Shi da kansa ya ba da labarin wasiƙu biyu da ya samu, ɗaya daga wata tsohuwa mai shekara 82 da ciwon daji ya ci ƙarfinta, ɗaya daga wani fursuna da ke jiran hukuncin kisa, kowannensu yana roƙon a gaya masa ƙarshen labarin, ba zai faɗa wa kowa ba. King ya ce bai iya biya musu buƙata ba, domin shi kansa a lokacin bai san ƙarshen ba. Sai da mota ta buge shi yana tafiya a gefen titi a watan Yunin 1999, ya sha da ƙyar, sannan ya zauna ya rubuta littattafai uku na ƙarshe a jere, suka fito a 2003 da 2004.

Shin marubuci yana da bashin mai karatu?

A nan ne ra'ayi ya rabu. A 2009 wani mai karatu ya tambayi marubucin Ingila, Neil Gaiman, ko yana da hujjar jin cewa Martin ya ci amanarsa. Amsar da Gaiman ya bayar ta yaɗu ƙwarai, kuma ma'anarta ita ce marubuci ba baran mai karatu ba ne, wanda ya sayi littafi na farko kuɗin littafi na farko ya biya, ba a yi wata yarjejeniya da shi kan na gaba ba. Masu wannan ra'ayi na ƙarawa da cewa sauri ya haifi nawa, kuma zangon ƙarshe na Game of Thrones ya isa misali kan abin da gaggawa ke jawowa.

Ɗaya ɓangaren kuwa hujjarsu ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya rubuta a bangon littafi cewa wannan shi ne na farko cikin bakwai, ya san da wannan alkawari aka saya, domin da an ce wa mutane labarin a tsakiya zai tsaya, da yawa ba za su taɓa shi ba.

Mu a namu ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma akwai wanda rigimar ta fi shafa alhali ba a jin muryarsa, wato sabon marubuci. Masu karatun da aka taɓa bari a rana sukan yi rantsuwa cewa ba za su ƙara sayen labari ba sai an kammala shi. Su kuma kamfanonin ɗab'i cinikin littafi na farko suke dubawa kafin su zuba kuɗi a na biyu da na uku. Idan kowa ya naɗe hannu yana jiran a kammala, na farko ba zai sayu ba, kamfani zai janye, labarin kuma ba zai taɓa kammaluwa ba. Wato laifin manya ne yake faɗawa kan ƙanana. Wannan ne ya sa wasu marubuta suka canza dabara. Joe Abercrombie na Ingila, alal misali, sai da ya rubuta daftarin littattafai uku na The Age of Madness gaba ɗaya kafin ya saki na farko, shi ya sa suka fito a 2019 da 2020 da 2021 ba tare da tsaiko ba.

Me ake karantawa kafin nan?

Masu jira ba su zauna jiran gawon shanu ba. Wanda ya fi cin moriyar wannan giɓi shi ne Brandon Sanderson ɗin nan da ya ƙarasa aikin Jordan, wanda ya yi suna wajen cika alkawari, har yakan nuna wa masu karatu kashi nawa cikin ɗari na kowane littafi ya rubuta. Babban labarinsa, The Stormlight Archive, littafi 10 ya tsara. Sun fito a 2010 da 2014 da 2017 da 2020, na biyar kuma, Wind and Truth, mai shafi sama da 1,300, ya fito a watan Disambar 2024, ya rufe rabin farko na labarin. A 2022 ya ba duniya mamaki da ya sanar cewa ya rubuta wasu littattafai a ɓoye lokacin kullen annobar korona, ya nemi masu karatu su biya kuɗin guda huɗu tun kafin ɗab'i ta dandalin Kickstarter, aka tara sama da dala miliyan 41. Da ake ta raɗe-raɗin ko shi zai ƙarasa aikin Martin wata rana, ya fito ya ce shi ba zai yi ba, salonsu ba ɗaya ba ne.

Wani sabon rukuni da ya cika kasuwa shi ne na labaran da suka haɗa almara da soyayya, waɗanda akasarin masu karanta su mata ne, kuma TikTok ya taimaka wajen yaɗa su. Sarah J. Maas ta soma A Court of Thorns and Roses a 2015. Rebecca Yarros kuwa ta fitar da Fourth Wing da Iron Flame duk a 2023, na uku, Onyx Storm, ya fito a Janairun 2025, aka sayar da kwafi miliyan 2.7 a makon farko. Littafi 5 ta tsara, don haka su ma masoyanta sun shiga layin jira. Ya kamata mu ja hankalin iyaye a nan cewa littattafan Martin da na waɗannan mata biyu akwai zubar da jini da bayanin kwanciya a fili a cikinsu, na manya ne. Kada a ga hoton dodo a bango a zaci irin Harry Potter ne a miƙa wa yaro.

Ga wanda ba ya son jira kuma, akwai labaran da aka rufe. Harry Potter ɗin kansa littafi 7 ne, daga 1997 zuwa 2007. Steven Erikson na Kanada ya yi littafi 10 na Malazan tsakanin 1999 da 2011. Robin Hobb ta kammala littafi 16 na duniyar Fitz daga 1995 zuwa 2017. N. K. Jemisin, baƙar fata ƴar Amurka, ta fitar da The Broken Earth a 2015 da 2016 da 2017, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun ya ci lambar yabo ta Hugo, abin da ba a taɓa yi ba kafin ita.

Marubuta masu tushe a Afirka su ma sun shigo fagen. Tomi Adeyemi, wadda iyayenta ƴan Nijeriya ne, ta gina labarinta kan al'adun Yarabawa, ta fitar da na farko a 2018, na biyu a 2019, na uku ya ɗauki kusan shekara biyar kafin ya fito a 2024. Marlon James na Jamaika ya tsara littafi uku da ya ɗebo daga tatsuniyoyi da tarihin daulolin Afirka, ya fitar da Black Leopard, Red Wolf a 2019 da Moon Witch, Spider King a 2022.

Inda abin ya shafe mu

Mai karatun da ke Yamai ko Damagaram ko Garwa ko Injamena, wanda da Faransanci yake karatu, jiransa biyu ne, domin bayan marubuci ya gama sai kuma a jira mai fassara. Sannan ga wata al'ada ta kamfanonin Faransa ta yanka littafi guda gunduwa-gunduwa. Littattafan Martin guda 5, da aka fassara su da sunan Le Trône de fer, sai da kamfanin Pygmalion ya mayar da su 15. Mu kanmu mun ɗanɗana kuɗar wannan, lokacin da muka tsinci kashi na 1 da na 2 da na 4 wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, muka yi wata da watanni muna cigiyar na 3. Daga baya kamfanin J'ai lu ya sake haɗa su a manyan kundaye 5 daidai da na Ingilishi, masu ɗauke da kalmar Intégrale a bango, kuma su muke ba mai saye shawara ya nema. Wani abin sha'awa shi ne Martin ya sha faɗin cewa labarin sarakunan Faransa na Maurice Druon, Les Rois maudits, yana cikin abin da ya zaburar da shi, kuma shi ma Druon sai da ya bar masu karatu shekara 17, daga 1960 zuwa 1977, kafin ya kawo littafi na 7.

Akwai kuma wani labarin da a ƙasar Nijar aka kafa shi. Nnedi Okorafor, marubuciyar Amurka mai asali da ƙabilar Ibo, ta fitar da The Shadow Speaker a 2007, labarin wata yarinya mai suna Ejii da ke zaune a Nijar ta shekarar 2070. Littafin ya ɓace daga kasuwa shekaru da dama, sai a 2023 aka sake buga shi, aka kuma fitar da ci gabansa, Like Thunder. Shekara 16 ke nan, amma dai an cika.

Idan muka dawo gida, Bahaushe ba baƙo ba ne wajen a katse masa labari a daidai inda ya fi daɗi. Da wannan dabara Shaharzad ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya, da ita kuma akun nan na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, ya riƙa riƙe ɗan sarki kada ya fita. Waɗanda suka yi zamanin littattafan kasuwar Kano za su tuna yadda ake raba labari na 1 da na 2 da na 3, a bar jaruma a bakin halaka a ce sai mun haɗu a littafi na gaba, mai karatu ya yi ta sintiri wajen mai hayar littattafai. Masu son labaran yaƙi da bokaye irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun san wannan jira. Yau kuma abin ya koma waya, inda marubuta ke sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, wasu a kammala, wasu a bar su a hanya bayan masu karatu sun biya kuɗi. Darasin Jordan da na Abercrombie ya shafi marubutanmu kai tsaye. Wanda zai ɗauko dogon labari ya san inda zai sauke shi, ya rubuta ya ajiye inda wani zai iya samu.

Shawararmu ga mai karatu ita ce, kafin ka ɗauki littafi na farko ka bincika guda nawa aka tsara, nawa suka fito, kuma yaushe na baya ya fito. Idan kai mai gajen haƙuri ne, ga kammalallu nan birjik. Idan kuwa sabon marubuci ne ya burge ka, saya ka karanta tun yanzu, domin kuɗinka na cikin abin da zai sa a buga na biyu. Amma wanda ya riga ya shiga hannun Martin ko Rothfuss, sai mu ce ya ƙara haƙuri, ya nemi wani abin karantawa. Mu ma muna cikin layin, kuma ranar da littafin ya fito, in muna raye, za mu kawo muku labarinsa a wannan fili.